Tafinta a Gaban Allo: Finafinan Japan Tsakanin Parakou da Djougou

Akwai wata kalma da ta daɗe a bakin masu kallon fim a ƙasar Hausa, wadda masu ƙamus ba su cika waiwayarta ba, wato "Chanis". Asalinta sunan da Ingilishi ke kiran mutanen ƙasar Sin ne, amma da ta shigo Hausa sai ta koma sunan wani nau'in fim: duk wanda ake tsalle a cikinsa, ana naushi da shuri, jarumi yana neman fansar malaminsa da aka kashe. Bruce Lee ɗan Chanis ne, Jackie Chan ma haka, su da Hong Kong ta fito da su. Fim ɗin ninja shi ma Chanis ne, ko da yake ninja kalmar Japananci ce, kuma da dama daga finafinan ninja na shekarun 1980 kamfanonin Amurka ne suka shirya su. Kalma guda ta haɗiye ƙasashe da yawa ba ta ƙware ba. Babu abin zargi a nan, domin wanda ke kallon gari daga nesa ba ya rarrabe unguwanni. Haka baƙon da bai taɓa zuwa ba yake cewa "Afirka" kamar sunan wani ƙauye.

Japan dai an san ta, amma ta hanyar ƙarfe aka san ta. Duk bakanike ya san Toyota da Honda da Yamaha, har yakan rarrabe "ɗan Japan" da jabu ta nauyin kayan a tafin hannu. Fuskarta da muryarta ne ba a sani ba. A ƙasashen da Faransa ta raina ma, muryar tata da ta iso sai ta iso a bakin wani. Yaran da suka tashi suna kallon zane mai motsi a tashoshin Faransanci sun ga Goldorak da Dragon Ball da Olive et Tom, da yawansu ba tare da sanin cewa daga Japan suke ba. Na ƙarshen nan sunansa na asali Captain Tsubasa, amma masu fassara suka raɗa wa yaron mai ƙwallo suna Olivier, mai tsaron gida kuma Thomas. Kaya ya taso daga Tokiyo, ya kwana a Paris, aka sake masa buhu, sannan ya iso.

Mutanen Djougou sun fi kowa sanin yadda kaya ke sake suna a hanya. Garin, wanda fatake ke kira Zugu, zango ne babba a kan tsohuwar hanyar goro wadda ta taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta ratsa Borgu, ta nufi Salaga a ƙasar Gwanja. A ƙarni na 19 ayari kan tafi da kanwa da tufafi da kayan fata, ya komo da goro. Goron nan a kurmin Asante ake tsinkarsa, amma da yake a kasuwar Gwanja ake sayensa, sai ya isa Kano da sunan goron Gwanja. Parakou, wadda ke kimanin kilomita 135 daga Djougou, ita ma zango ce tun da can. Daga baya layin dogo da ya taso daga Kwatano ya tsaya a nan, ta zama mashigar kayan da ke wucewa Nijar, kuma a 2001 aka buɗe jami'a a cikinta. A garuruwan biyu Hausa ba ita ce babbar 'yar kasuwa ba. Dandanci ne ke haɗa jama'a, Faransanci ke riƙe da makaranta da ofis, ga Baribanci a Parakou, ga harshen Yom a Djougou. Hausa tana nan a zango, a masallaci, a bakin mahauta da 'yan tireda, da kuma a cikin gida.

A irin wannan gida wani ɗalibi ya tashi, jikan jikan ɗaya daga cikin waɗancan fatake. Ya shiga jami'a a Parakou yana karatun harsuna. Ba nazarin Japan ya je yi ba. Ta ƙofar fassara ya shiga. Da lokacin rubuta kundin kammala digiri ya yi, sai ya zaɓi ya bi sawun magana: me ke samun ta idan ta taso daga bakin ɗan wasan Japan, ta bi ta rubutun Faransancin da ke gudana a ƙasan allo, ta sauka a kunnen Bahaushe? Da ya je gida hutu ya shaida wa mahaifinsa, dattijon ya dube shi ya ce, "To, kai duk karatun da ke duniya ba ka ga na yi ba sai kallo? Wa ka taɓa ji ya ci tuwo da kallo?" Ya ce, "Baba, ai ba kallon ba ne, maganar da ke ciki ce." Uban ya ce, "Maganar ma ai ba ta ƙosarwa."

Tambayar dattijon ba ta jahilci ba ce, tambayar mai biyan kuɗin makaranta ce. Sai dai a Benin tana da wata amsa wadda ba kowace ƙasa ke da irinta ba. Rufin Zomahoun, haifaffen Dassa-Zoumé a 1964, ya yi karatu a ƙasar Sin, sannan ya isa Japan a 1994, ya ci gaba da karatu a Jami'ar Sophia da ke Tokiyo. A 1998 tashar TBS ta fara wani shiri mai suna Koko ga Hen da yo Nihonjin, wanda ma'anarsa ta yi kusa da "ga inda kuke da ban mamaki, Japanawa". Akan tara baƙi 'yan ƙasashe daban-daban masu jin Japananci, a sa su muhawara da 'yan ƙasa a kan al'adunsu. Zomahoun ya yi fice a shirin saboda saurin bakinsa da zafin muhawararsa. Littafin da ya fitar a 1999 ya samu kasuwa, kuma da kuɗinsa ya buɗe makarantar firamare a Korobororou, a jihar Borgu, a shekarar 2000. Ya sa mata sunan Takeshi, jagoran shirin. A 2003 ya buɗe makarantar koyon Japananci a Kwatano, daga baya kuma ya zama jakadan Benin a Japan, har zuwa 2016. Ke nan a yankin Parakou akwai ajin da talabijin ɗin Japan ta ɗora wa kwano.

Ɗalibin ya kawo wannan labari, uban ya jinjina kai, amma hujjar ba ta kai ƙarfin da yaron ya zata ba. Mutum ɗaya ne ya yi sa'a, kuma ba a gina rayuwa a kan sa'ar wani. Bugu da ƙari, shirin ba majalisar ilimi ba ne. Hayaniya ce jarinsa, kuma dariyar da aka yi a Tokiyo, wadda ta koma bulo da siminti a Borgu, ba duka ce ta ƙauna ba. Mai nazari na gaske zai tambayi wa ya zaɓi baƙin, wa ya yanke hoton, me ya sa mai ɗaga murya ya fi mai natsuwa samun lokaci. Abin da labarin ya fi koyarwa yana jikin shi Takeshi ɗin. A gida, da sunan Beat Takeshi, ɗan barkwanci ne na talabijin, mai shirin nan da ake sa mutane tsallen duwatsu suna faɗawa cikin taɓo. A waje, da sunan Kitano Takeshi, darakta ne wanda fim ɗinsa Hana-bi ya ci kyautar Zakin Zinare a bikin finafinai na Venice a 1997, kuma daga 2005 ya koyar da shirya fim a matakin jami'a. Mutum guda, suna biyu, daraja biyu. Wanda ya karanci silimar Japan ya raina talabijin ɗinta, rabin mutumin ya gani.

Aikin ɗalibin na farko shi ne kwance ƙullin "Chanis", kuma a nan Kurosawa Akira ya taimake shi. Fim ɗinsa na 1954, Shichinin no Samurai, labarin manoma ne da 'yan fashi ke jira su gama girbi su zo su kwashe, sai suka je birni suka nemo mayaƙa bakwai su tsare musu ƙauye. A 1960 Amurkawa suka sake shi da kaboyi, suka kira shi The Magnificent Seven. A 1975 kuma Ramesh Sippy ya fitar da Sholay a Indiya, inda mayaƙan suka koma biyu, Amitabh Bachchan da Dharmendra, ɗan fashin ya zama Gabbar Singh. Sholay kuwa babu tsohon mai zuwa silima a Kano ko Zariya da zai ce bai san shi ba. Ashe Bahaushe ya daɗe yana cin goron Kurosawa da sunan goron Indiya. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi dogon rubutu a kan yadda finafinan Indiya suka shiga ran Hausawa da finafinansu. Abin da ɗalibin ya yi shi ne ƙara zango ɗaya a bayan wancan.

To, yaya za a ce samurai da Hausa? "Jarumi" ya yi faɗi, kuma masu fim sun riga sun mai da shi sunan duk babban ɗan wasa. "Barde" ya fi kusa, domin yana ɗauke da takobi da sarauta, ko da yake barde da doki aka san shi, waɗannan bakwai kuwa a ƙasa suke tafe. Amma tushen kalmar a Japananci daga aikatau ne mai ma'anar yi wa ubangida hidima, wanda ya kawo ta kusa da "bara" da "barantaka", wato zaman mutum a ƙarƙashin babba, yana yi masa biyayya, shi kuma yana ɗauke da cinsa da suturarsa. Mutanen Kurosawa barade ne da suka rasa ubangida, shi ya sa abinci kawai ya ishe su lada. A nan wani ƙaramin tarko yake. Manoman suna ba baraden farar shinkafa, su kuwa suna cin wata ƙwaya da fassarar ke kira gero, kuma mai kallo a Japan ya san wannan alamar matsanancin talauci ce. Bahaushen da ya tashi da fura da kunu ba zai ga abin tausayi a cin gero ba, sai an yi masa bayani. Abin da ba ya bukatar bayani shi ne sauran labarin. Duk wanda ke sauraren labaran Zamfara da Katsina ya san ƙauyen da ke noma da fargaba, ya san 'yan sa-kai, ya kuma san cewa wanda aka ɗauko don tsaro shi ma abin tsoro ne.

Domin kada ya dogara ga Faransanci kaɗai, ɗalibin ya fara koyon Japananci ta intanet, kuma a nan ya tarar da wata gata da bai san yana da ita ba. Japananci yana rarrabe gajeren wasali da dogo: obasan goggo ce ko inna, obaasan kaka ce. Yana kuma rarrabe baƙi guda da mai ruɓi: kita "ya zo", kitta "ya yanka". Kunnen da Faransanci kaɗai ya horar yakan sha wuya a nan. Kunnen da ya saba raba gari na zama da gari na tuwo, ko baba da babba, ba ya ko tuntuɓe. Ɗalibin Hausa da ke ƙorafin tsawon wasali, tun da rubutun yau da kullum ba ya nuna shi, ya sani cewa ba Hausa kaɗai ke da wannan hali ba.

Gwajin gaske a tsakar gida aka yi shi, a Djougou, da dare. Ya ɗora kwamfutarsa a kan turmi da aka kifa, ya kunna Tokyo Monogatari na Ozu Yasujiro, fim na 1953, ya zauna a gefe yana karanta Faransancin yana mayarwa Hausa. Bai sani ba a lokacin, amma wata tsohuwar sana'ar Japan ya shiga. A zamanin finafinai marasa murya, gidajen silimar Japan suna da mutumin da ake kira benshi, wanda ke tsayawa kusa da allo yana ba da labari, yana kwaikwayon muryoyi. Wasunsu sun fi 'yan wasan suna, kuma suna daga cikin dalilan da suka sa fim marar murya ya daɗe a Japan har tsakiyar shekarun 1930. Yayan Kurosawa ma benshi ne. Ƙasar Hausa ta san irin wannan mutum: mai bayanin majigi a zamanin Turawa, da kuma masu fassarar finafinan Indiya na yau irin su Algaita a Kano, waɗanda kan sa wa ɗan Mumbai karin maganar Fagge a baki.

Labarin fim ɗin ba shi da yawa. Tsoho da tsohuwa sun taso daga Onomichi, wani gari a bakin teku, sun je Tokiyo ganin 'ya'yansu. Babban ɗa likita ne na unguwa, 'yar kuma tana da shagon gyaran gashi. Babu wanda ya zage su, babu wanda ya kore su. Kowa dai yana da aiki. Aka haɗa kuɗi aka tura su wani wurin shaƙatawa a Atami, inda hayaniyar matasa ta hana su barci. Wadda ta ɗauki hutu daga aiki ta zaga da su gari ita ce Noriko, matar ɗansu da ya ɓata a yaƙi shekara takwas da suka wuce. Da suka koma gida tsohuwar ta kwanta ciwo, ta rasu. 'Ya'yan suka zo, aka yi jana'iza, 'yar ta nemi a ba ta wasu tufafin uwar, suka koma bakin aikinsu. Noriko ce ta tsaya.

Kakar ɗalibin ce ta fara lura da abin da masu sharhi suka cika littattafai a kansa. Ta ce, "Kai maigidan, mai ɗaukar hoton nan a zaune yake?" Haka ne kuwa: Ozu yakan ajiye kyamararsa ƙasa-ƙasa, kusan daidai idon wanda ke zaune a tabarma, kuma da wuya ya motsa ta. Ga mai kallo daga kujera wannan salo ne da ake nazari. Ga wadda ke zaune a tabarma, zama ne kawai irin na mutane.

Wahalar tafinta ta fito ne a wurin da ba a zata ba. Maganganun fim ɗin gajeru ne: an gode, kada ku damu, mun ji daɗi ƙwarai. A Faransanci sukan fito fayau, kamar ladabin kanti. Amma tsofaffin nan suna cewa sun ji daɗi ne alhali sun ga komai. Japanawa suna da kalmar enryo, wato mutum ya janye bukatarsa don kada ya ɗora wa wani nauyi. Da ɗalibin ya laluba Hausa sai ya tarar ba kalma ɗaya ba ce ke jiransa, tuli ne. Akwai kara, wato ka bar haƙƙinka don ganin girman wani ko don zumunci. Akwai kawaici, wato ka gani ka yi kamar ba ka gani ba, irin wanda uwa ke yi a kan ɗan fari. Akwai alkunya, akwai haƙuri. Tsofaffin kawaici suke yi wa 'ya'yansu. Noriko kara take yi wa surukanta. 'Ya'yan kuwa ba mugaye ba ne, rashin kara ne ya same su. Wannan rarrabewa ba ta cikin rubutun da ke ƙasan allo. Sai da magana ta iso zango na uku sannan ta warware, kuma a nan ne kundin ya samu ƙashin bayansa: harshen da ke tsakiya ba koyaushe ne ya fi na ƙarshe kusa da na farko ba.

Amma daɗin kamanni yana da haɗari, kuma kakar ce ta sake taka masa birki. Da ta fahimci cewa Noriko ta shekara takwas ba aure, sai ta ce, "Ita ba ta da dangi ne? Takaba ai wata huɗu ce da kwana goma." Abin da fim ɗin ya nuna a matsayin riƙon amana mai ciwo, wanda su kansu surukan ke roƙon ta ta sauke, ita kakar sakacin dangi ta gani. Mahaifin kuma ya ɓata rai a wurin da tsohon ya sha giya da tsofaffin abokansa har ɗan sanda ya rako shi gida da tsakar dare. Ya ce dattijon da ya yi haka ya zubar da girmansa, ba shi da bakin yi wa 'ya'ya ƙorafi. A idon Ozu wannan dare ne kaɗai tsohon ya samu ya faɗi abin da ke ransa. Tafinta zai iya fassara kowace kalma daidai, mai kallo ya tashi da wani fim dabam. Ɗalibin ya so ya gyara musu fahimta, daga baya ya ga cewa rubuta abin da suka faɗa ya fi amfani ga aikinsa.

Abu ɗaya ya ƙi fassaruwa, domin ba magana ba ce. Tsakanin fage da fage Ozu yakan nuna wuri babu kowa: lungu, bututun hayaƙin masana'anta, shanya tana kaɗawa, jirgin ruwa yana wucewa. A nan tafinta ba shi da abin karantawa, sai ya yi shiru, kuma a kundi dole a sa wa shirun suna. Ya gwada "hutu", ya ga ya yi kama da na makaranta. Ya gwada "numfashi", ya gwada "ajiyar zuciya". A ƙarshen fim, inda tsohon ke zaune shi kaɗai yana fifita, kakar ta ce, "Allah sarki, kewa." Ya rubuta wannan ma, da fensir, a gefen sauran, babin ya tafi wurin malaminsa da kalmomi uku da alamar tambaya.

Mahaifin bai sake ra'ayi ba. Har yanzu yana maganar wani ɗan'uwansa da ke harkar fiton motoci a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wanda ke neman yaro mai Faransanci da lissafi. Sai dai ranar da ɗalibin zai koma Parakou, yana ɗaura jaka a bayan babur, dattijon ya ce idan zai dawo hutu ya taho da na baraden nan bakwai. Da aka gaya masa tsawonsa awa uku ne da minti 27, ya ce to a raba shi dare biyu, a fara bayan Isha'i.